Jemagen Kumasi da Danginsa na Tsibiri: Inda Awo Ya Isa da Inda Ya Gaza

Duk wanda ya bi ta Kejetia da rana ya ɗaga kai wajen itatuwan gidan zu na Kumasi, zai ga rassa sun yi baƙi, wasu har sun sunkuya saboda nauyin jemagu. An buɗe gidan zun a 1957, amma waɗannan jemagun ba wanda ya kawo su, ba kuma a keji suke ba. Su suka zaɓi wurin da kansu, kuma a lokacin da suka fi taruwa masu ƙirga kan lissafa su da dubban ɗaruruwa. Da almuru sukan tashi su bazu a kan birnin, ta saman Aboabo da Asawase da Buokrom, suna neman mangwaro da ɓaure da 'ya'yan darbejiya da furen rimi.

Sunan wannan jemage a littattafan masana Eidolon helvum. Babba ne, nauyinsa kan kai giram 250 zuwa 300, fuskarsa kamar ta ɗan kwikwiyo, gashin wuyansa da bayansa launin busasshen kara. Tun 1792 wani Bature mai suna Robert Kerr ya shigar da shi littafi. Tambayar da ta daɗe tana ba masana aiki ita ce: wannan na Kumasi, shi ne dai wanda ke rataye a itatuwan Ile-Ife, da wanda ke sauka a ƙasar Hausa da damina, da wanda ke dajin Kasanka na Zambiya? In an ce shi ne, to na tsibiran da ke tsakiyar teku fa, waɗanda ruwa ya raba su da sauran tun kafin a san tarihi? Da me ake yanke hukuncin cewa wannan jinsi ne daban, wancan kuwa reshe ne kawai na jinsi guda?

A fara da kayan aikin. Mai nazarin jemage, abin da ya fara ɗauka shi ne ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke auna milimita. Awo na farko shi ne na ƙashin hannu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Dalilin fifita shi a fili yake: nauyi yana hawa yana sauka, jemagen da ya ƙoshi da mangwaro ba ɗaya yake da wanda ya kwana da yunwa ba, mace mai ciki ba ɗaya take da wadda ta haihu ba, amma ƙashin hannu in ya gama girma ya tsaya ke nan. A jemagen Kumasi yakan kama tsakanin milimita 110 da 135. Bayan shi sai ƙoƙon kai: tsawonsa, faɗinsa a wajen kumatu, tsawon jerin haƙora daga fiƙa zuwa turmin ƙarshe. Sai yawan haƙoran da siffarsu. Eidolon na da 34. Sai kunne, da launin gashi, da ko gashin ya sauko har ƙwauri ko ƙwaurin a tsiraice yake.

Akwai kuma wani wuri da ba kowa zai yi tunaninsa ba, wato ganɗa. In aka buɗe bakin jemage mai cin 'ya'yan itace za a ga layukan nama masu tudu sun gitta ganɗarsa. Da su yake matse ɗan itace da harshe, ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar. Wannan tofarwar ce ta sa mutanenmu suke cewa jemage ta baki yake kashi, alhali yana da mafita irin ta kowace dabba. Yawan layukan da tsarinsu ya bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Jemagun dangin Epomophorus, masu farin gashi a kafaɗa, suna kama da juna ƙwarai a ido. Amma wanda ake kira gambianus, da ke yawo a itatuwan arewacin Ghana da ƙasar Hausa, yana da layi biyu a bayan haƙorin ƙarshe, ɗan uwansa wahlbergi kuwa layi ɗaya. Abin da ido ya kasa rabawa daga nesa, ganɗa ta raba.

Wanda ya aza harsashin wannan aiki wani ɗan ƙasar Danmak ne, Knud Andersen, da ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi na Landan. A 1912 ya fitar da kundi mai shafi sama da 800 a kan jemagu masu cin 'ya'yan itace na duniya baki ɗaya, ya auna ƙoƙon kai bayan ƙoƙon kai, haƙori bayan haƙori. Mutumin ya ɓace a 1918, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, amma har yau ba mai taɓa wannan fanni bai buɗe kundinsa ba. Ina ganin girman aikinsa, ina kuma ganin iyakarsa. Andersen ya yi aiki ne da abin da matafiya da jami'an mulkin mallaka suka aiko masa: fata busasshiya, ko gawa a kwalbar sinadari. Wani tsibirin fata biyu ko uku kawai aka samo daga gare shi. A zamanin kuma, in fata ta zo daga sabon tsibiri, launinta ya ɗan fi duhu ko haƙorinta ya ɗan fi kauri, ba a jinkirin raɗa mata sabon suna. Haka aka wayi gari jemage guda na tsibiran kudu maso gabashin Asiya, Pteropus hypomelanus, yana da rassa fiye da goma sha biyar, kusan kowane tsibiri da nasa.

Matsalar ita ce awo yana da ramuka da yawa. Ɗan jemagen da bai gama girma ba zai iya kama da wani ƙaramin jinsi, sai an haska fitila ta bayan fiffikensa an ga gaɓoɓin yatsun ba su gama haɗewa ba. Namiji da mace sun bambanta: namijin Eidolon yana da gashin wuya mai ruwan lemo da mai ke fita daga gare shi, macen nata ya fi dusashewa. Fatar da ta shekara hamsin a kwalba launinta ya koɗe. Sannan babban ramin: in mutum bai san iyakar bambancin da ke tsakanin 'ya'yan gida ɗaya ba, ta yaya zai gane bambancin gida da gida? Wanda ya auna jemagu uku daga tsibiri ya ce sun fi na babban yanki ƙanƙanta, wataƙila ƙananan cikinsu ne suka faɗa ragarsa.

Masana sun yi ƙoƙarin toshe wannan. A 1942 Ernst Mayr ya kafa ma'anar da ta yi tasiri: jinsi shi ne taron halittun da ke iya barbara da juna su haihu, kuma ba sa yin haka da wani taron. Reshe kuwa yanki ne na jinsin, mai mazauninsa daban da kamanninsa daban, amma da zai haɗu da sauran da sun hayayyafa. A 1949 Dean Amadon ya kawo ƙa'idar kashi 75 cikin ɗari: kada a ba wa taro sunan reshe sai in ana iya bambance kashi uku cikin huɗu na 'ya'yansa daga kusan duk 'ya'yan ɗayan taron. Shekara huɗu bayan haka Edward Wilson da William Brown suka rubuta cewa sunayen rassa sun zama abin son rai, gara a rage dogaro da su. A nan ne tsibiri ke zama ƙarfen ƙafa. Ma'anar Mayr tana aiki ne inda taro biyu ke haɗuwa, a ga sun yi barbara ko sun ƙi. Jemagen tsibiri da na babban yanki ba sa haɗuwa balle a gani. Dole mai nazari ya yi hukunci da abin da ya auna.

Mafi kusa da mu, kuma mafi koyarwa a ganina, shi ne labarin tsibirai huɗu na Mashigin Tekun Gini. Duwatsu ne masu aman wuta da suka jeru a layi ɗaya daga Dutsen Kamaru zuwa cikin teku. Bioko shi ne na farko, kilomita 32 kacal daga gaɓar Kamaru, kuma a zamanin da ruwan teku ya yi ƙasa haɗe yake da babban yanki, bai rabu ba sai kimanin shekara dubu goma da suka wuce. Principe da Sao Tome sun fi kilomita 200 daga gaɓa, ba su taɓa haɗuwa da ƙasa ba. Na ƙarshe shi ne Annobon, mallakar Ikwatoriyal Gini, ɗan tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 17, kimanin kilomita 350 daga gaɓar Gabon. Dukansu huɗu akwai Eidolon helvum a cikinsu.

A shekarar 2000 wasu masana uku daga Sifaniya, Javier Juste da Carlos Ibáñez da Annie Machordom, suka buga sakamakon awon da suka yi wa jemagun tsibiran, haɗe da gwajin sinadaran jikinsu. Na Bioko da Principe da Sao Tome ba su ga bambancin da ya isa a ba su suna ba, ko da yake sun lura na Principe da Sao Tome sun ɗan karkata wajen ƙanƙanta. Na Annobon kuwa sun fita zakka: ƙanana ne a fili, kuma bambancin ya fi ƙarfi a mata. Suka raɗa musu Eidolon helvum annobonensis. Bayanin da suka bayar yana da ma'ana. Rani a Annobon dogo ne, jemagen tsibirin kuma ba shi da inda zai yi ƙaura in abinci ya yanke. Macen da ta balaga da wuri, da ƙaramin jiki mai ɗan ci, ita ce ke da damar barin baya. A hankali, zuriya bayan zuriya, jikin ya ragu.

Shekara goma sha uku bayan nan, a 2013, Alison Peel ta Jami'ar Cambridge da abokan aikinta suka sake duba lamarin, wannan karon da ƙwayoyin gado da aka ɗebo daga jemagun ƙasashe da dama, har da Ghana. Abu na farko da suka gano ya ba mutane mamaki. A faɗin babban yankin Afirka, tazarar da ta wuce kilomita 4,500, ba su ga wata katanga ba. Na Ghana da na Uganda da na Tanzaniya da na Zambiya jini ɗaya ne yake zagawa, Bioko ma yana cikinsu. Dalilin kuwa tafiya ce. Masu bincike a Kasanka sun ɗaura wa wasu jemagu na'urar da tauraron ɗan adam ke bibiya, ɗaya ya ci fiye da kilomita 2,500 cikin wata biyar. A nan yammaci, tun 1983 Donald Thomas ya nuna cewa da saukar damina sukan bar kurmi su bi ruwa zuwa arewa har yankin kogin Neja, su komo in rani ya shiga. Kamar fataken goro ne na dā, da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga da ƙasar Asante, suna aure a zango-zango har zuriyarsu ta haɗe daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Abu na biyu shi ne ya fi jan hankalina. Gwajin ya tabbatar da Annobon: taro ne a ware, kamar yadda ma'auni ya faɗa. Amma ya kuma nuna cewa na Sao Tome da Principe, waɗanda awo ya bar su a cikin na babban yanki, su ma rukuni ne mai zaman kansa, jininsu ba ya gauraya da na gaɓa yadda aka zata. Ke nan ma'auni ya yi gaskiya inda bambancin ya yi ƙarfi, ya kuma yi shiru inda rabuwar ta auku amma jiki bai riga ya nuna ba. Wannan ɗan karkata wajen ƙanƙanta da Juste ya gani bai ba shi suna ba, ashe alama ce ta wani abu na gaske. Ban ga laifinsa ba da ya ƙi raɗa suna a kan alamar da ba ta cika ƙa'ida ba. Wannan kamun kai shi ne abin da magabata suka rasa. Darasin dai shi ne, nisa ba ya raba wannan jemage, ruwa ne ke raba shi. Kilomita dubu huɗu na ƙasa mai itatuwa ba komai ba ne gare shi, kilomita ɗari biyu na teku kuwa katanga ce.

Kada kuma a ɗauka tsibiri kullum ƙanƙantar da dabba yake yi. Akwai wani jemagen, Rousettus aegyptiacus, mai kwana a kogo, wanda yake gano hanya cikin duhu da ƙarar da yake yi da harshe. A 1993 Juste da Ibáñez suka bayyana rassansa biyu a waɗannan tsibirai: princeps a Principe, tomensis a Sao Tome. Tsibiran maƙwabta ne, tsakaninsu bai fi kilomita 150 ba, amma na Principe ya karkata wajen ƙanƙanta, na Sao Tome wajen girma. Ga kuma Eidolon ɗin, a tsibiran nan guda biyu, jikinsa bai canza sosai ba. Kowane jinsi da yadda tsibiri ya yi da shi, don haka ba a ɗauko hukuncin wani a ɗora wa wani.

Wani lokacin kuwa jiki yana magana da babbar murya har ba a bukatar dogon gwaji. A dazukan Sao Tome akwai ɗan jemage, Myonycteris brachycephala, da ba a samun sa ko'ina a duniya sai can. Danginsa na babban yanki suna da haƙoran gaba huɗu a muƙamuƙin ƙasa, biyu dama biyu hagu. Shi uku gare shi. Ba naƙasar ɗaya ko biyu ba ce, haka jinsin yake, abin da ba a saba gani ba a dabbobi masu shayarwa. Haka ma wani jemagen Madagaska: an daɗe ana lissafa shi a matsayin reshen Eidolon helvum, har Wim Bergmans na Amsterdam, wanda ya yi shekaru yana sake tantance jemagun Afirka masu cin 'ya'yan itace, ya tsayar da shi a 1990 a matsayin jinsi mai cin gashin kansa, Eidolon dupreanum. Ya fi namu girma, launinsa ya fi toka-toka, kuma maimakon ya rataya a itace a fili, cikin kogo da tsagin dutse yake wuni. A nan girma da launi da ɗabi'a duk sun nuna hanya ɗaya. Akwai kuma reshe na uku na Eidolon helvum a kudu maso yammacin ƙasar Larabawa, wajen Yaman da kudancin Saudiyya, wanda Andersen ya kira sabaeum a 1907. Ba teku ce kaɗai ta ware shi ba, har da hamada.

Mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da milimitar ƙashin jemage? Ruwanmu yana nan, domin doka da kuɗin kariya suna bin suna ne. Abin da ba shi da suna ba ya shiga lissafi. Jemagun Annobon 'yan dubbai ne kawai. In aka ce su da miliyoyin Kasanka abu ɗaya ne, ranar da guguwa ko sarar daji ta share su ba wanda zai rubuta cewa an yi asara. Jemage kuma ba ɓera ba ne. Macen ɗa ɗaya take haifa a shekara, taron da ya faɗi ba ya tashi da sauri. Jemagen tsibirin Rodrigues a Tekun Indiya ya ragu har bai kai ɗari ba a ƙarshen shekarun 1970. Da yake an san shi jinsi ne da babu irinsa, aka tashi tsaye, yanzu ana ƙirga shi da dubbai. Na tsibirin Pemba a Tanzaniya ma haka: ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyin tsaron itatuwan da yake kwana, ya farfaɗo daga 'yan ɗaruruwa zuwa sama da 20,000. Suna kaɗai ba ya ceto, gaskiya ne. Gwamnatin Mauritius ta sa an harbe fiye da 30,000 na jemagenta a 2015 saboda koken masu gonakin 'ya'yan itace, alhali kowa ya san kusan babu shi a wani wuri. Amma ko hayaniyar da duniya ta yi a kan haka, sunan ne ya sa aka iya yin ta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na Samoa: a 2009 masana suka gane cewa wata gawa da aka ɗauko a 1856, aka ajiye a Filadelfiya ta Amurka, jinsi ce da ba a taɓa bayyanawa ba. Suka ba ta suna Pteropus allenorum, a lokacin da ake ganin babu sauran ko ɗaya a raye.

Ta fuskar lafiya ma sanin wane ne wane ba wasa ba ne. A Yulin 2022 Ghana ta sanar da ɓullar cutar Marburg karon farko, a nan yankin Ashanti. Jemagen da aka sani da ɗaukar ƙwayar wannan cuta shi ne Rousettus na kogo, ba na itatuwan gidan zu ba. Wanda bai iya bambance su ba, in tsoro ya kama shi sai ya huce a kan wanda ya fi gani. Shi ma Eidolon yana da nasa ƙwayoyin: daga jikinsa aka fara gano ƙwayar da ake kira ta jemagen Legas a 1956, kuma a 2009 masu bincike da ke aiki tare da cibiyar KCCR ta jami'ar KNUST suka samu alamun dangin ƙwayar Nipah a jemagun gidan zun Kumasi. Ba a taɓa tabbatar da ɓarkewar Nipah a Afirka ba, amma da yake jemagun babban yanki taro ɗaya ne, abin da aka gani a Kumasi ya shafi Kano da Maradi. Hankali shi ne a guji taɓa su da hannu, a guji ɗan itacen da suka gatsa, a bar su inda suke. Korarsu ba ta da riba: su ne ke yaɗa irin itacen odum, wanda mu muke kira loko, kuma bincike a Ghana ya nuna suna iya kai ƙwayar iri nisan kilomita 75. Ga farauta kuma tana cin su; wani nazari na 2011 ya ƙiyasta cewa aƙalla 128,000 ake sayarwa a kasuwannin Ghana kowace shekara, kuma tun 2008 hukumar IUCN ta sa jinsin cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Ra'ayina shi ne, masu cewa zamanin ma'auni ya wuce tunda ga gwajin ƙwayoyin gado sun yi gaggawa. Gwajin yana faɗin wa ya rabu da wa, da kuma tun yaushe. Ba ya faɗin abin da rabuwar ta yi wa dabbar. Da ba a auna matan Annobon ba, da ba a yi tunanin dogon rani da saurin balaga ba. Kuma jami'in gandun daji da ke riƙe da jemage a raga da tsakar dare ba shi da ɗakin gwaji a aljihu, ma'auni da fitila gare shi. Sannan kowane hukunci a kan tsibiri kwatance ne: an ce na Annobon ƙarami ne, ƙarami a kan wa? A kan na babban yanki, irin na Kumasi. Gwargwadon yawan awon da aka tara daga nan, maza da mata, manya da matasa, rani da damina, gwargwadon ƙarfin kwatancen.

Wannan aiki ne da ɗaliban KNUST, da na Jami'ar Bayero a Kano, da na Ahmadu Bello a Zariya, da na Dan Dicko Dankoulodo a Maradi za su iya yi ba tare da jiran kuɗin waje ba, in dai an koya musu kamu da safar hannu an kuma yi musu rigakafin cutar haukan kare. A auna ƙashin hannu, a duba gaɓoɓin yatsu, a rubuta namiji ne ko mace, da ranar da wurin, a yanki ɗan ƙaramin tsoka daga fatar fiffike wadda ke warkewa cikin makonni, a saki dabbar. Wanda aka tsinta a mace kuwa a adana ƙoƙon kansa da lamba a ɗakin ajiyar jami'ar, yadda ɗalibin Buokrom da ke son kwatanta jemagen unguwarsu da na Annobon zai samu rabin abin kwatancen a Kumasi, ba sai ya nemi bizar Landan ba.